Layun da Suka Riga Mai Su Dawowa

Gidan Mahdi, ta Tamaske
Ran kasuwa

Zuwa ga yayan Nasiba,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, in dai gaskiya ne kana da rai. Mu nan lafiya, sai ƙafata ta hagu da ke tashi in sanyi ya shigo. Nasiba na gaishe ka, kumburin idanunta bai gama sacewa ba.

Da hannuna nake rubuto maka. Madam Mariyatu ta ajin manya ce ta yago mini takarda daga kayenta, littafin rubutunta, ta ara mini bik. Ba zan yi maka saƙon murya a wayar maƙwabciyarmu Cima ba, don kafin ya kai Abijan unguwa ta gama saurare. In ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri, sai da na yi furfura na koyi riƙon alƙalami.

Mi ka yi mana haka?

Wani direban da ban sani ba ya ajiye jaka a ƙofar gida, ya ce daga Abijan take, Abdulkadir mai kamyo, babbar motar nan ta ɗaukar albasa, ne ya ba shi ita a Madawa. Ko ruwa bai tsaya sha ba. Na buɗe, ga shaddodinka, ga takalmi. Na ɗaga su, sai ga gurunka, ga kambu, ga layun da na kai wa baduku da kaina ran da za ka tafi biɗar kuɗi, har da ƙaramar da na ɗinke da zaren zanena. Babu takarda, babu saƙon baki.

Ka san abin da wannan ke nufi a garinmu. Ɗan biɗa ba ya rabuwa da gurunsa sai mai wankan gawa ya kwance masa shi. Haka aka kawo na kawunka Jima daga Kamaru, haka aka kawo na ɗan Cima. Ban san lokacin da na faɗi ba. Nasiba ta kurma ihu, mata suka cika gida. Aka kira lambarka, a kashe. Aka sake, a kashe. Kafin azahar an baza tabarmi a ƙofar gida, liman ya zo, mutane na ta shigowa suna ce mini Allah ya ji ƙansa. Kai ake wa wannan addu'ar.

Hamani ƙanen ubanka shi ya zauna kan tabarma yana karɓar gaisuwa. Yana ta share ido da bakin rawani, ni kuwa na leƙa ta zana, ban ga abin da yake sharewa ba.

Sai washegari wani ɗan garinmu da ke can ya bugo, ya ce shi da idonsa ya gan ka a kasuwar albasa kana cin acheke, dambun rogon nan nasu, da kifi. Aka naɗe tabarmi, kowa na kallon ƙasa. Gumbar sadakarka an riga an daka, sai rabawa aka yi. Cima ta ce, “Zaliha, ke kam kin more, mamacinki har da kifi.” Na yi dariya, na shiga ɗaki na yi kukan da ya fi na jiya.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Mai gari ya sa ranar zama kan garkar ubanka, lambun albasar nan, da zarar an cire albasa. Ba sai na tuna maka ba. Ubanka ya haƙa rijiyar garkar da hannunsa, ya rasu kana yaro, Hamani ya ce riƙo zai yi har ka girma. Ka girma, ya ce ai tun asali tasa ce. Kai ka tsaya tsakar gida ka ce ba za ka yi aure ba, ba za ka huta ba, sai ka dawo da kamyo mai sunanka ka karɓe ta a idon jama'a. Da wannan maganar nake kwana nake tashi. To, don mi za ka kwance tsarinka yanzu da ka fi bukatarsa? Asiri aka yi maka? Mace ce? Ka faɗa mini kome muninsa.

Mahaifiyarka,
Zaliha

*

Abijan

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da ladabi, na durƙusa ina neman gafara. Ina nan da rai da lafiya. Allah ya sawwaƙe ƙafar, ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi. A gaishe da Nasiba, a ce mata ta yafe mini hawayenta. Takardarki na karanta ta tsaf, babu harafin da ya ɓace mini, kuma na yi alfahari da hannunki.

Laifina ne. Kwata-kwata al'adar ba ta zo mini a rai ba. Tunanina kawai kada in jefar da aikin hannunki. An ce in ƙone layun, na ƙi, na ce waɗannan akwai zaren zanen uwata a ciki, gida za su koma. Na so in haɗa da takarda, na zauna da bik na kasa rubuta ko layi, kamyon Abdulkadir kuma ya tashi. Waya kuwa ta ɓace tun ran da aka kwashe ni zuwa asibiti.

Eh, na yi ciwo da damina, na ɓoye miki. Zazzaɓin hanji ne, ya kusa tafiya da ni. Abokan kasuwa sun leƙo sun koma harkokinsu, ban ga laifinsu ba. Wanda ya zauna da ni wani tsoho ne mai gadin sito, Baba Ɗanladi, mutumin wajen Madawa. Shi ya wanke ni, ya ɗauke abin da ko ɗan'uwa sai ya kau da kai. Kirista ne. Bai taɓa ce mini in bi shi ba. Amma ya ce cikin zafin zazzaɓi suna ɗaya nake ta kira, ya tambaye ni ko Hamani sunan mahaifina ne.

Inna, kunya ta kama ni. Ina bakin mutuwa, ban kira ki ba, ban kira Baba ba. Na duba shekarun da na yi a nan, na ga kowane buhun da na ɗaga a kan Baba Hamani nake sauke shi. Na gane ba garkar nake so ba, ba kamyon ba. Abin da nake so in gan shi durƙushe gaban mutane. Shi ne abincina, shi ne barcina.

Da na samu sauƙi na riƙa zama wajen tsohon, yana karanta mini koyarwar Yesu Almasihu da Hausa. Na yi masa gardama sosai. Abin da ya fi ƙona ni shi ne batun yi wa wanda ya cuce ka addu'ar alheri. Na ce wannan koyarwar ragwaye ce. Ya ce in gwada in ga ko rago zai iya. Na gwada, na kasa. Na daɗe ina kasawa.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Na ba da gaskiya ga Almasihu, an yi mini baftisma kafin Kirsimeti. Babu asiri, babu mace, babu wanda ya ba ni ko sisi. Shi ya sa na kwance gurun, don ba zan riƙe tsari biyu ba.

Har yanzu ina kasuwa, hatsinku ba zai yanke ba. Har yanzu in kamyo sabo ya wuce ina bin sa da ido, ba zan ɓoye miki ba. Amma abin da ke cin cikina ya daina ci. Ina so ku samu inda za ku dasa albasa ke da Nasiba. Durƙuson Baba Hamani kuwa na daina sonsa.

Ɗanki mai neman albarkarki,
Sufyanu

*

Gidan Mahdi

Yayan Nasiba,

Na amsa gaisuwa don ba a ƙin gaisuwa. Lafiyarmu ƙalau a jiki. Kada ka tambayi sauran.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da na kai wajen kalmar nan na ce idona ne, na ce ni ce ban iya karatu ba. Na bi ta da yatsa harafi harafi yadda Madam ta koya mana, ta ƙi canzawa. Na so in kai wa wani ya karanta mini, na tuna babu wanda zan iya nuna wa. Ashe abin da na je ajin manya in koya ke nan, mata na mini dariya ina tafe da allo kamar ƴar yarinya. Na koyi karatu don in karanta wannan.

Ran da aka baza maka tabarmi na ɗauka babu ranar da za ta fi ta muni. Ka gafarta mini abin da zan ce, amma ran nan na san addu'ar da zan yi maka. Yanzu ban sani ba.

Kai da ubanka ke ɗauka a kafaɗa zuwa idi? Kai da ka cika bangon ɗakina da zanen kamyo da gawayi, na hana a shafe shi har yau? Tsohon nan ya yi maka jinya, Allah ya saka masa, da zan gan shi da na durƙusa masa. Amma ai akan biya alheri da rago ko riga, ba da addini ba. Kuma wane irin addini ne ke cire wa namiji zuciya? Ka ce abin da ke cin cikinka ya daina ci. To ni nawa bai daina ba. Ni ce nake wucewa ta bakin garkar da icce a ka, matar Hamani na miƙo mini albasa biyu ta kan shinge tana cewa, “Ungo, a sa a miya.” Daga rijiyar mijina. Kai ka yafe daga Abijan, inda ba ka ganinsu. Wa ya ba ka izinin yafe nawa?

Yanzu ka saurara, don ban faɗa wa kowa ba, ko Nasiba. Ranar zama za a kawo Alƙur'ani, magaji ya yi alwala ya dafa cewa garka ta ubansa ce. Hamani ba zai yarda ya dafa ba, ya san abin da ke cin mai rantsuwar ƙarya. Da ka dafa, magana ta ƙare. Amma in ya ji labarinka, zai miƙe ya ce wanda ya bar addini ba ya gado, kuma babu mai tsaya mana.

Don haka abu ɗaya nake roƙo. Ka zo, ka sa shaddarka, tana nan na wanke. Ka shiga sahu kamar kowa, ka dafa, ka koma. Abin da za ka rantse a kai ai gaskiya ne, ina ƙaryar take? Sauran maganar mu yi ta bayan an ɗaure albasa a rudu, rumbun ajiyarta. Ban taɓa roƙonka kome ba. Nonon da ka sha nake roƙo da shi.

Sai kuma wannan. An ce masu shiga can suna sake suna. Da gaske ne?

Zaliha

*

Abijan

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa. Lafiyata ƙalau. Na ji shiru game da ƙafar, ki faɗa mini gaskiya.

Kin yi gaskiya, ba ni da ikon yafe naki. Albasa biyun nan sun hana ni cin abinci ran da na karanta.

Zan zo tare da Abdulkadir in zai hau ɗaukar sabuwar albasa. Zan tsaya gaban mai gari in faɗi cewa garka ta Baba ce, da ƙarfi, ba tare da tsoron kowa ba. Amma ba zan shiga sahu da zuciya biyu ba, ba kuma zan dafa ba. Maganar garka gaskiya ce, amma hannun da zai dafa zai ce wa jama'a ni wani ne da ba ni ba. Zan raina Littafin da kike girmamawa, in kuma musanci wanda na bi. Na kwana biyu ina neman hanyar da zan yi miki abin da kika roƙa, har na ce wa Baba Ɗanladi ai rana ɗaya ce. Ya bar ni da kaina. Ban samu hanyar ba.

Na san abin da wannan zai iya jawo miki. Shi ne ya fi kome nauyi a kaina.

Suna kuwa ban sake ba. Wanda Baba ya raɗa mini shi ne nawa har kabari.

Sufyanu

*

Gidan Mahdi
Bayan ɗaurin albasa

Ina gaishe ka. Ina fatan kun sauka lafiya, hanya ba ta wahalar da ku ba. Ƙafa da sauƙi. Nasiba ta ce ka manta hularka.

Ka zo ka tafi ban ce maka uffan ba bayan sannu da zuwa. Bakina ya ƙi. Hannuna ya fi shi ƙarfin hali, shi ya sa na sake zuwa wajen Madam neman takarda.

Har liman ya miƙo Alƙur'ani ina sa rai za ka dafa. Ina bayan zana tare da mata, ina jin muryarka kana cewa garka ta ubanka ce, kowa a nan ya sani. Na ce alhamdulillahi, ɗana ya dawo. Sai na ji sauran, cewa ba za ka dafa ba don ka sake addini.  Sai Hamani ya daka tsalle yana cewa, “Kun ji da kunnenku! Ni na faɗa? Shi ya faɗa!” Cima ta riƙe ni, ta ce, “Zaliha, numfasa.” Wannan karon ba ta yi ba'a ba.

Ka ji hukuncin da kanka. Garka ta zauna hannun Hamani, mu aka yanka mana ƴan fangalin gabas, albarkacin tsofaffin da suka shaida ubanka ya haƙa rijiyar. Abin da na jira tun kana yaro ke nan, tsawonsa bai fi in jefa dutse ba. Ba zan ce maka na huce ba. In na wuce wurin har yanzu ƙirjina na zafi.

Amma akwai abin da ba ka sani ba, shi ne dalilin takardar nan.

Da Nasiba ta ce mini ka tafi yasar rijiyar garka, na ce ƙarya take. Rijiyar da yawancin ruwanta fangalin Hamani zai sha? Bayan abin da ya yi maka jiya-jiya? Na ɗauki igiyar icce na bi ka, na laɓe bayan itacen bedi. Na ga ka nemi samari su riƙe maka igiya, kowa ya ce yana da aiki. Na ga ka ɗaure ta a gindin itace ka sauka kai kaɗai. Ka cika guga da laka, ka hauro, ka ja, ka zubar, ka sake sauka. Na ce wannan yaron ya haukace, in gefe ya rufta wa zai sani?

Sai ka ji guga ta tashi da kanta. Ka ɗaga murya daga ƙasa ka ce, “Wa ke nan? Allah ya saka!” Ba a amsa maka ba. Ni ce. Ina ja ina zaginka a zuci.

Ban kai ko'ina ba ƙafar ta ce ba ta san zancen ba, igiya ta fara zame mini, guga cike tana lilo bisa kanka. Sai wani hannu ya cafke ta ta bayana. Na waiwaya, Hamani ne. Ya ce, “Kauce, Zaliha, za ki kashe shi.” Ya tuɓe rawani ya ajiye, ya ja har rana ta karkata. Ni ina zubar da laka. Bai dube ni ba, ban dube shi ba. Can ya leƙa ciki, ya ce a hankali, ba da ni yake ba, “Haka ubansa ke riƙe magirbi.” Da ka girgiza igiya alamar za ka hauro, ya ɗauki rawaninsa ya bi ta cikin dawa, ni ma na gudu kamar ɓarauniya.

Kada ka ɗauka ya mayar da garka. Bai mayar ba, ba na jin zai mayar. Sai dai da aka tashi ban ruwa, fangalinmu ya fara sakar wa, kuma matarsa ta daina miƙo mini albasa ta kan shinge. Ban san mi zan yi da wannan ba. Na saba da ƙinsa, yanzu ya zame mini kamar tulun da aka fasa wa gindi, ina zubawa ba ya cika.

Mata sun ce in fasa ƙwaryar da ka sha fura da ita. Na ce to. Tana nan rataye a ɗaki, kusa da kamyonka na gawayi. Layunka na sa su ƙasan akwati.

Ban yarda da hanyarka ba, kada ka yi zaton na yarda. Kowace salla ina roƙon Allah ya juyo da kai. Nasiba ta ce kai ma kana yi mini addu'a kullum. To, mu yi ta yi, Shi ya san wadda zai karɓa.

Kai ne ɗan farina. Tun ran da aka raɗa maka suna bakina bai taɓa faɗinsa ba, haka aka tarbiyyantar da mu, har bayan ambulan Madam ce ke rubuta mini. Ran zaman mai gari na ji wani na cewa ai yanzu ba ka da suna a garin nan. Na dawo gida na tambayi kaina, in su sun daina faɗi, ni kuma ban taɓa faɗi ba, wa ya rage? Al'ada baki ta hana, ba ta san zan koyi rubutu ba. Na gwada a ƙasa da tsinke har ya miƙe.

Sufyanu.

Ka ci abinci. Ka sayi waya. Kuma kada ka ƙara aiko mini da jaka babu takarda.

Innarka,
Zaliha